Lita, Galan da Sulalla: Yadda Ake Juya Awon Ruwa da Ƙiyasta Abin da Mazubi Zai Ci

Tambayoyi biyu ne ke yawan haɗa mutane gardama, kuma sau da yawa akan gwama su kamar abu ɗaya ne. Ta farko ita ce: galan ɗaya lita nawa ne? Ta biyu kuma: idan aka samu kwalba ko jarka ko asusu aka yi ta jefa sulalla har ya cika, ƙwaya nawa za su shiga, kuma kuɗin zai kai nawa? Ta farkon kullum tana tasowa a gidan mai, a rumfar mai manja, a kantin magani, da wurin manomi mai haɗa maganin feshi. Ta biyun takan zo a darasin lissafi, a gasar kintace, ko a zuciyar mai tara kuɗi da ke son sanin abin da ya tara ba tare da ya fasa asusu ba.

Tambayoyin suna da dangantaka, domin ba a amsa ta biyu sai an bi ta kan ta farko. Amma halinsu ya bambanta. Juya awo daga galan zuwa lita lissafi ne mai amsa guda tak, muddin an faɗi wane galan ake nufi. Yawan sulallan da za su cika mazubi kuwa ba shi da amsa guda, sai dai a ce tsakanin kaza da kaza. Ruɗanin yana zuwa ne idan aka juya lamarin: a mayar da awon lita abin ciniki da ja-in-ja, sannan a ɗauki ƙiyasin sulalla tamkar yankan wuƙa.

Ma'anar kalmomin

Mazubi shi ne duk abin da ake zuba wani abu a ciki: kwalba, kwano, jarka, duro, tanki. Yawan abin da yake ɗauka shi ne cinsa, kamar yadda ake cewa jarkar nan tana cin lita 25. Gurbin da abu ke tarewa, ruwa ne ko ƙarfe, shi za a kira girman jiki a wannan sharhi. Nauyi abu ne daban, sikeli ke auna shi da giram da kilo.

Lita kalmar aro ce daga Turawa. Idan aka ƙera akwati mai tsawon santimita 10, faɗin santimita 10, zurfin santimita 10, abin da ya ci shi ne lita ɗaya. Mililita kashi ɗaya ne cikin dubu na lita, daidai da ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Shi ake rubutawa ml, kuma shi ne dai cc da ake gani a jikin sirinji da injin babur. Santilita, wato cl, mililita 10 ne. Don haka ledar ruwa mai 50cl rabin lita ce, robar ruwa mai 75cl kuma kashi uku cikin huɗu na lita. Awon da hukumomin ruwa ke rubutawa m³ akwati ne mai mita ɗaya ta kowane gefe, yana cin lita 1,000.

Sulalla jam'in sile ne. Asalin sile kuɗin Ingila ne na zamanin mulkin mallaka, amma yau duk kuɗin ƙarfe sulalla ake ce musu, kuma da wannan ma'anar za a yi amfani da kalmar a nan.

Inda lita da galan suka samo asali

Faransa ce ta kafa lita da doka a 1795, bayan juyin juya halinta, domin kawar da tarin awo barkatai da kowane lardi ke amfani da nasa. A 1901 babban taron ƙasashe kan awo ya ɗaura lita a kan nauyi, aka ce ita ce gurbin kilo ɗaya na tsabtataccen ruwa. Daga baya aka gano wannan litar ta ɗara akwatin santimita 10 da kashi 28 cikin miliyan, sai a 1964 aka koma kan akwatin. Tun daga nan lita ɗaya ce a duk duniya.

Galan bai samu wannan sa'ar ba. A tsohuwar Ingila akwai galan na ruwan inabi, akwai na giya, akwai na hatsi, kowanne da girmansa. A 1707, zamanin Sarauniya Anne, doka ta tsayar da galan na inabi, kuma shi Amurka ta riƙe bayan ta samu 'yanci. Girmansa lita 3.785. Ita kuwa Birtaniya a 1824 ta soke tsofaffin duka ta ƙirƙiro sabo, wanda ke cin ruwa mai nauyin laba 10. Girmansa lita 4.546, kuma shi aka kawo wa ƙasashen da ta mallaka, har da Najeriya da Ghana. Galan na Ingila ya fi na Amurka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Saɓanin ya bi har ƙananan awo: ozar ruwa, wadda ake rubutawa fl oz a jikin kwalbar shayar da jarirai da kwalbar turare, mililita 29.6 ce a Amurka, 28.4 a Ingila.

Akwai kuma ganga da duro, waɗanda masu sauraron labarai kan ɗauka abu ɗaya ne. Gangar ɗanyen mai da ake faɗar farashinta a kasuwar duniya galan 42 ce na Amurka, wato lita 159, awon da aka gada daga filayen mai na Pensilbaniya a ƙarni na 19. Duron ƙarfe da ake gani a gidaje da gareji yana cin lita 200 zuwa 208. A Amurka ana ce masa mai galan 55, a ƙasashen da suka bi Ingila mai galan 44, alhali duro ɗaya ne. Wanda ya lissafa gangar labarai da girman duro ya ƙara wa kowace ganga fiye da lita 40 da babu su.

Galan na takarda da galan na kasuwa

Najeriya ta koma awon mita da lita a shekarun 1970, daidai lokacin da naira da kobo suka maye gurbin fam da sile a ranar 1 ga Janairu, 1973. Nijar, Kamaru da Chadi dama da lita suka saba tun zamanin Faransa. Sai dai doka ta canza awo, ba ta canza bakin mutane ba. Sunayen tsofaffin awo sun zauna, suka koma sunayen mazubai.

A kasuwa yau idan aka ce galan, yawanci roba ake nufi mai cin lita 4, wani lokaci 5. Babu ɗaya daga ciki da ya yi daidai da na Ingila ko na Amurka. A Ghana rawayar jarkar ɗiban ruwa mai lita 20 zuwa 25 ita ma galan ake ce mata, har aka laƙaba mata sunan tsohon shugaban ƙasa Kufuor. Garwa, wadda 'yan garuwa suka saba ɗiban ruwa da ita, gwangwanin kananzir ne mai galan 4 na Ingila, kimanin lita 18, amma yau mai ruwa da jarka yake yawo. Jarkar kanta ta samo asali ne daga gwangwanin mai na sojojin Jamus mai lita 20 da aka ƙera a shekarun 1930, ga shi wadda ta fi yawa a hannun mutane yanzu mai 25 ce.

Kwalba ta fi duka rikitarwa. Mai man gyaɗa ko manja zai ce kwalba ɗaya kaza ce, amma wata kwalbar 60cl ce, wata 75cl, wata lita cur. Tsakanin 60cl da 75cl akwai bambancin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaramar. Idan kwalbar 60cl tana naira 1,800, ta 75cl kuma naira 2,100, wadda ake ganin ta fi tsada ita ce ta fi araha: litarta naira 2,800, ta ɗayar naira 3,000. Wannan ba lallai ha'inci ba ne. Mai sayarwa da abin da ke hannunsa yake awo, kuma mai saye yana kallo. Amma ba a iya kwatanta farashin rumfa biyu sai an mayar da kowanne kan lita.

Yadda ake juyawa

Ƙa'idar ba ta da wuya. Daga babban awo zuwa ƙarami ninkawa ake yi, daga ƙarami zuwa babba a raba. Idan awon biyu ba 'yan gida ɗaya ba ne, a bi ta kan lita. Galan 5 na Amurka sau 3.785 ya ba da lita 18.9, kuma wannan ne girman babbar robar ruwan da ake kifawa a kan na'urar shan ruwa a ofisoshi. Galan 5 na Ingila lita 22.7 ne. Motar da aka shigo da ita daga Amurka, aka ce tana yin mil 30 da galan ɗaya, kilomita 12.8 take yi da lita. Da a ce a Ingila aka rubuta adadin, kilomita 10.6 ke nan.

Mazubin da ba a rubuta cinsa ba kuwa, igiyar awo ta isa. Tankin siminti mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin mita 1, a ninka ukun, a samu 3, wato lita 3,000. Jarka 120 ke nan masu lita 25, ko sawu 10 na kurar ruwa mai ɗaukar jarka 12. Idan tankin mai zagaye ne, a ɗauki rabin faɗinsa a ninka shi da kansa, a ninka da 3.14, a ninka da tsawo. Mai faɗin santimita 100 da tsawon 130 zai ba da mililita 1,020,500, a raba da dubu, lita 1,020 da ɗoriya.

Ido yana yaudara a wurare biyu. Bokiti mai faɗin santimita 20 a gindi, 30 a baki, da tsawon 30, yana cin kusan lita 15, amma idan ruwa ya kai rabin tsawonsa lita 6 ce kawai a ciki, ba 7 da rabi ba. Haka kuma idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfin mazubi sau biyu, cinsa sau takwas yake ƙaruwa. Wannan ne ya sa mutane ke raina babban mazubi idan an ce su yi kintace.

Lita ba kilo ba ce

Ruwa ne kaɗai litarsa ke daidai da kilo ɗaya, kuma wannan ya sa da yawa suka ɗauka haka kowane abu yake. Litar fetur kimanin giram 740 ce, ta man dizal kimanin 840, ta man gyaɗa kimanin 910, ta zuma kuwa ta kai kilo 1.4. Zafi ma yana taɓa awo. Fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a duk digiri ɗaya na ƙarin zafi, don haka tanka mai lita 33,000 da aka yi wa lodi da zafin rana, idan man ya huce da digiri 10, za a ga kamar an rasa fiye da lita 300 alhali ko ɗigo bai zuba ba. Shi ya sa manyan 'yan kasuwar mai ke mayar da awonsu kan digiri 15 kafin su yi lissafi.

Kuskure a nan yana iya kai wa ga rai. A ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi zuwa Edmonton da na'urar nuna yawan mai a lalace. An auna man da sanda aka samu lita, sai aka juya litar zuwa nauyi da adadin laba maimakon na kilo. Jirgin da ke buƙatar kilo 22,300 ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Injinansa biyu suka mutu a sama, matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har suka sauka a tsohon filin jirgin soja na Gimli. Ba a rasa rai ba.

Ko a fiƙihu ana cin karo da wannan bambancin. Sa'i awon ci ne, mudun Annabi huɗu, ba awon nauyi ba, don haka sa'in shinkafa da na dabino ba za su yi nauyi ɗaya ba. Da malamai suka zo ƙaddara shi da nauyi sai suka saɓa: Malikiyya, Shafi'iyya da Hambaliyya suka ce rithili 5 da sulusi, Hanafiyya suka ce 8. Daga nan ne adadin lita ko kilo na zakkar fid-da-kai ke bambanta daga littafi zuwa littafi.

Matsalar sulalla: gurbin iska

Ruwa yana cika kowane lungu na mazubi. Sulalla ba sa yi. Idan aka jefa su, wasu su kwanta, wasu su jingina da juna, wasu su tsaya a karkace, a bar ramuka a tsakani. Duk wahalar ƙiyasin tana kan sanin kashi nawa ne na mazubin sulalla suka tare, kashi nawa iska. Wannan adadin shi za a kira kason cika.

Masana lissafi sun daɗe a kan irin wannan tambaya. A 1611 Johannes Kepler ya yi hasashen cewa ƙwallaye masu girma ɗaya, komai iya jerin mai jera su, ba za su tare fiye da kashi 74 cikin ɗari na wuri ba, kuma sai a 1998 Thomas Hales ya kawo hujjar da ta tabbatar da haka. Idan zuba ƙwallayen aka yi aka girgiza, kashi 64 suke tsayawa. A 2004 masu bincike a Jami'ar Princeton suka nuna cewa alewar M&M's, wadda ke da ɗan faɗi, tana kai kashi 68. Siffar abu ke nan tana canza amsa.

Sulalla da aka jera ɗaya kan ɗaya, aka tsayar da jerin sahu-sahu, suna tare kashi 78.5. Idan aka cusa kowane jeri a tsakanin biyu na gabansa, a kai kashi 90.7, kuma babu jerin da ya wuce wannan. Amma ba wanda ke jera sulalla a cikin asusu. Ga waɗanda aka jefa kara zube, adadin da ya dace a fara da shi kashi 60 ne, tare da barin sarari daga 55 zuwa 65. Girgiza mazubi tana ɗaga adadin, kamar dai yadda mudun gero ke sauka idan mai awo ya bubbuga shi. Ƙaramin mazubi yana rage shi, domin a jikin bango sulalla ba sa zama daram. Kafaɗar kwalba da wuyanta su ma sukan zauna rabi a wofi.

Lissafin a aikace

Kuɗin Amurka da na Turai sun dace da misali saboda an wallafa awonsu. Kwabon Amurka, wato senti ɗaya, faɗinsa milimita 19.05, kaurinsa 1.52, nauyinsa giram 2.5. Da ƙa'idar tanki mai zagaye, girman jikinsa mililita 0.433 ne. A lita ɗaya sulalla za su tare mililita 600, a raba da 0.433, a samu ƙwaya 1,385. Robar galan 5 ta Amurka za ta ci kimanin 26,200, wato dala 262. Idan aka ɗauki kashi 55 amsar ta sauka zuwa 24,000, idan 65 ta hau zuwa 28,400. Amsar gaskiya ita ce tsakanin dubu 24 da dubu 28 da 'yan kai. Wanda ya ce 26,218 ne cif ya faɗi abin da lissafin bai ba shi ba.

A nan ne tambaya ta farko ke dawowa. Da galan na Ingila aka yi lissafin, amsar 31,500 ce. Da galan ɗin kasuwa mai lita 5, 34,600. Kuskuren rashin tantance galan ya fi duk rashin tabbas ɗin kason cika girma, kuma shi ne wanda tambaya ɗaya ke kawarwa.

Darajar abin da ke ciki kuwa ta dogara ga irin silen fiye da girman mazubin. Silen senti 25, mai faɗin milimita 24.26 da kaurin 1.75, girman jikinsa mililita 0.81 ne. Lita tana cin kimanin 740, dala 185, alhali litar kwabo ba ta kai dala 14 ba. Silen yuro ɗaya girmansa ya yi kusa da mililita ɗaya, don haka lita tana cin kimanin 600.

Ga silen da ba a san awonsa ba, a jera goma a auna tsawon jerin da rula a raba goma, domin kaurin guda ɗaya ya yi ƙanƙanta ga rula. A ƙaddara goman sun ba da santimita 1.7, faɗin kuma 2.6. Girman guda mililita 0.9 ke nan, lita ta ci kimanin 665. Idan kowanne dala ashirin ne na sefa, wato faran 100, litar ta haura sefa dubu 66.

Abin da ake yawan mantawa shi ne nauyi. Litar sulalla tana kai kilo 3.5 zuwa 4.5. Robar galan 5 cike da kwabon Amurka kilo 65 ce, da silen senti 25 kusan kilo 80, alhali don ruwa mai kilo 19 aka yi ta. Jarka mai lita 25 cike da yuro ta haura kilo 110. Kafin ta cika, ɗaga ta ya gagari mutum ɗaya, kuma gindinta na iya fashewa.

Saɓani kan hanyar da ta fi

Masu son lissafin siffa suna cewa hanyarsu ba ta buƙatar komai sai rula da biro, kuma ana iya yin ta tun kafin a tara sile ko ɗaya. Gaskiya ne, amma duk amsarsu tana rataye a kan kason cika, wanda zato ne.

Masu gwaji suna cewa a bar zato. A cika kofi mai mililita 250 da sulallan, a ƙirga, a ninka huɗu a samu na lita, a ninka da cin mazubin. Wannan ya fi aminci, sai dai ƙaramin kofi yakan ba da adadin da ya ɗan gaza saboda matsalar bango. Kwano mai lita ɗaya ya fi, kuma a maimaita gwajin a ɗauki tsakatsaki.

Wasu kan ce a zuba ruwa a kan sulallan har ya rufe su, a auna ruwan da ya shiga, a cire daga cin mazubin, abin da ya rage na ƙarfe ne. Dabarar tana da kyau amma akwai tarko a cikinta. Kaurin da ake wallafawa na gefen sile ne, wanda ya ɗan fi tsakiyarsa tudu. Kwabon Amurka da lissafin siffa ya ba mililita 0.433, ainihin ƙarfensa kimanin 0.35 ne. Wanda ya auna da ruwa sannan ya raba da 0.433 zai rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙidayarsa. Sai dai shi ma girman silen a auna shi da ruwa, a jefa hamsin a kofin awo a ga inda ruwa ya tashi.

Akwai kuma masu cewa a tambayi jama'a. Suna kafa hujja da abin da Francis Galton ya gani a bajekolin dabbobi na Plymouth a 1906, inda aka yi gasar kintacen nauyin naman wani sa. Cikin amsoshi 787 da ya tantance, ta tsakiya ta ce laba 1,207, ainihin nauyin kuma 1,198. Abin mamaki ne, amma da sharaɗi: kowa ya faɗi nasa ba tare da jin na wani ba, kuma cikin masu kintacen akwai mahauta da manoma da suka san shanu. Idan duk jama'ar suna da kuskure iri ɗaya, kamar raina babban mazubi, yawansu ba zai gyara shi ba.

Idan mazubin ya riga ya cika kuma sulallan iri ɗaya ne, sikeli ya fi duk waɗannan. A auna duka, a cire nauyin mazubin, a raba da nauyin sile ɗaya, babu ruwan mai awo da gurbin iska. Raunin sikeli biyu ne. Hukuma takan canza ƙarfen sile ta bar kamanninsa, kamar kwabon Amurka da ya sauka daga giram 3.11 zuwa 2.5 a 1982. Sannan idan sulallan gauraye ne nauyi ba ya faɗin daraja, sai a inda aka tsara haka: silen senti 10 da na 25 a Amurka duk laba ɗaya dala 20 ce, gadon zamanin da ake yin su da azurfa. A gauraye, ɗiban samfuri ya zama dole, kuma kada a ɗiba daga sama kaɗai, domin ƙananan sulalla kan zurara ƙasa su bar manya a fuska.

Daga wuri zuwa sile

Ƙasar Hausa ta san wahalar ƙirga kuɗi masu yawa marasa daraja tun zamanin wuri. Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, ya ba da labarin yadda ake ƙulla wuri 20,000 a jakar kaba guda, da yadda ɗan kasuwa ba ya yarda ya karɓa sai an zazzage an ƙirga. Wannan ƙullin ne Hausawa ke kira keso. Sunan mazubi ya zama sunan adadi, kamar yadda jaka ta zama fam 100, daga baya naira 200, a Nijar kuma sefa 1,000. Amma ƙidaya ce ke tabbatar da shi, ba cikar jakar ba.

Yau tambayar ta fi rai a Nijar, Kamaru, Chadi da Ghana, inda sulalla ke yawo a hannun mai shayi da mai ƙosai da ɗan kabu-kabu. A Najeriya Babban Banki ya fitar da sulallan kobo 50, naira 1 da naira 2 a 2007, amma hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa. Ko da lita za ta ci ƙwaya 800 na naira 2, naira 1,600 ce kawai, a cikin ƙarfe mai nauyin kilo da dama. Asusun yau a Kano ko Sakkwato takardu ake cusa masa, su kuwa babu lissafin siffa da zai faɗi yawansu.

Abin da ruɗanin ke jawowa

Kuskuren ƙiyasin sulalla iyakarsa mutum ya faɗi gasa ko ya fasa asusu ya tarar bai kai zatonsa ba. Kuskuren awon ruwa ne mai tsada. Cokalin shayi a takardar likita mililita 5 ne, babban cokali 15, amma cokulan gida kowanne da girmansa, kuma yaro ƙarami ne ke shan bambancin. Garin haɗa ruwan gishiri da sukari yana ɗauke da adadin ruwan da za a narka shi a ciki, yawanci lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu masu 50cl. Idan aka rage ruwan gishirin ya yi yawa. Manomi da aka ce ya zuba mililita kaza a kowace lita yana buƙatar sanin ko abin feshin da yake goyawa lita 16 yake ci ko 20, kafin ya kama awo da gwangwanin tumatir.

Wasu na ganin maganin shi ne a hana kwalba da galan ɗin roba baki ɗaya. Wasu na cewa talaka da abin da ya saba yake ciniki, kuma mudun awo na kanti kuɗi ne. Masu magana ta biyu suna da hujja, domin rabin ƙarni na doka bai kori kwalba daga kasuwa ba. Abin da zai yiwu shi ne a bar mazuban a san cinsu. A Najeriya, sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki ta tarayya da hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai suna duba famfunan gidajen mai, amma ba za su iya bin kowace rumfa ba. Shugabannin kasuwa za su iya: a ajiye mudun lita ɗaya mai hatimi a ofishin kowace kasuwa, duk mai shakka ya je ya gwada. Masu kantin magani kuma kada su miƙa maganin ruwa na yara sai da kofin awo ko sirinji, su nuna wa uwa layin da za ta tsaya.